Cutar Toka a Garkar Kabewa da Kankana: Ku Gane Ta da Wuri, Ku Tsare Abincin Yara

Wannan darasi naku ne, ku matan ƙungiyoyin garka, da masu noman rani, da masu aikin sa-kai da ke zagaya gidaje domin lura da lafiyar yara a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da kewayen Yamai. Magana ce a kan wata cuta da ke hawa ganyen kabewa da danginta, ta bar shi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Malaman gona suna kiranta oyidiyom. Mu a nan za mu kira ta cutar toka. Mai yiwuwa ku ce, me ya haɗa takardar abinci mai gina jiki da ciwon ganye? Abin da ya haɗa su shi ne tukunya. Ganye shi ke ciyar da ɗan kabewa, kabewa kuma ita ke shiga miyar da yaro zai sha. In ganye ya mutu tun ɗa bai ƙosa ba, gibin yana bayyana a kwanon yaro bayan wata biyu ko uku, a daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa.

1. Dangin kabewa da matsayinsu a abinci

Kabewa, wadda wasu ke kira kabushi, dangi ɗaya take da kankana, malo, kokwamba, gurji, guna, agushi, duma, soso da garahuni. Dukansu masu yaɗo ne, kuma yawancin cututtukan da ke kama ɗaya suna iya kama saura.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa 23 gida 8, suka ce ya kamata ya samu aƙalla gida 5 a kowace rana. Gidajen su ne: nonon uwa; hatsi da saiwoyi; wake, gyaɗa da sauran ƴaƴa masu mai; madara da abin da aka yi da ita; nama da kifi; ƙwai; ganyaye da ƴaƴan itace masu yawan bitamin A; sai sauran ganyaye da ƴaƴan itace. Ku lura da abin da garkar dangin kabewa kaɗai ke bayarwa. Tsokar kabewa mai ruwan ɗorawa ko ja-ja tana cikin gidan bitamin A. Ƴaƴanta da na agushi, in an soya an daka, suna cikin gidan wake da gyaɗa, suna ɗauke da mai, da sinadarin gina jiki, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Kankana da kokwamba kuma suna cikin gida na ƙarshe. Gida 3 ke nan cikin 8 daga fangali ɗaya.

Bitamin A shi ke tsare ido da fata, yana kuma ƙarfafa jiki wajen yaƙi da zawo da ƙyanda. Ƙarancinsa ne ke kawo dundumi, inda yaro ko mai ciki ba su gani sosai da zarar magariba ta yi. Ƙwayar bitamin A da ake ɗiga wa yara masu wata 6 zuwa 59 a gidan likita ko lokacin zagayen rigakafi tana da muhimmanci ƙwarai, amma wata shida-shida ake ba da ita. Tsakanin wannan da waccan, abincin gida ne ke riƙe da yaro. Fifikon kabewa a nan shi ne tana ajiyuwa: tumatir da salati kwanaki kaɗan suke yi, ita kuwa in ta ƙosa da kyau tana yin watanni a ɗaka ba tare da firji ba. Wannan ajiyuwar ce cutar toka take ɓatawa.

2. Mece ce cutar, kuma yaya take yaɗuwa?

Wata ƴar ƙaramar halitta ce daga dangin fumfuna take haddasa ta. Wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi masana suna kiranta Podosphaera xanthii, akwai kuma ƴar'uwarta Golovinomyces. Tana shimfiɗa zaruruwanta a bisa fatar ganye, ta soka ƴan bakunanta cikin ganyen tana tsotsar abincinsa. Farin garin da kuke gani, zaruruwan ne tare da dubban ƙwayoyin irinta.

Halaye huɗu na wannan cuta ya kamata ku riƙe, domin a kansu aka gina duk shawarar da za ta biyo baya.

Na farko, iska ce ke ɗaukar ƙwayoyinta, daga ganye zuwa ganye, daga garka zuwa garka, har zuwa wuri mai nisa. Ba a santa da bin iri ba, kuma ba ta zama cikin ƙasa tana jiran shuka kamar cutar da ke sa gindi ya yi yaushi.

Na biyu, ba ta rayuwa sai a kan ɗanyen tsiro. Tsohon yaɗon da aka bari bayan girbi, da duma ko soson da ya hau darni, da garahunin bakin rijiya, su ne masaukinta daga wannan shuka zuwa waccan.

Na uku, ba ta bukatar ruwa a kan ganye kafin ta kama. Yawancin cututtukan fumfuna sai da ruwan sama ko raɓa mai yawa. Ita wannan ɗan laimar da ke ƙarƙashin ganyaye da dare ta ishe ta shiga, busasshiyar iskar rana kuma ta taimaka mata ta watsa ƙwayoyinta. Ruwan sama mai ƙarfi ma wanke ta yake yi.

Na huɗu, tana da sauri. Daga saukar ƙwaya a kan ganye zuwa fitowar farin tabo mai ɗauke da sabbin ƙwayoyi, kwana 3 zuwa 7 ne kawai. Cikin wata guda ke nan tana iya haihuwa sau huɗu ko fiye. Tabon da kuka raina ranar kasuwar wannan mako, kafin kasuwa uku ya cika fangali.

3. Lokacinta a ƙasarmu

Cutar ta fi jin daɗi in zafi yana tsakanin digiri 20 da 27. Tana iya kamawa daga digiri 10 har zuwa 32, amma in zafi ya kai digiri 38 sai ta tsaya. Ku auna wannan da yanayinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dare yana yin sanyi har ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, rana kuma tana tsayawa wajen digiri 30, ga hunturu yana kaɗawa, ga ban-ruwa yana ajiye laima a ƙarƙashin ganye. Wannan shi ne lokacin noman rani a Gulbin Maraɗi da Jiratawa, a fadamun Korama na Matamaye da Magarya, a Majiya da Ƙonni, da bakin kogin Kwara a Yamai. Shi ne kuma lokacin cutar toka. A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, takan lafa, sai dai a inuwar mangwaro ko cikin ganyaye masu cunkoso. Takan kuma bayyana a ƙarshen damana, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, a kan kabewar bayan gida da duman da ke kan rumfa. Daga nan take tsallakawa zuwa garkar rani.

Shekarun tsiro ma suna da tasiri. Ɗan tsiro mai ganye uku ko huɗu bai cika kamuwa ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne daga lokacin da aka fara fure ana ɗaura ƴaƴa, domin a lokacin tsiron yana tura ƙarfinsa wajen ɗa, ganyaye kuma sun rufe juna.

4. Yadda za ku gane ta

Tana farawa a tsofaffin ganyaye na kusa da gindi, waɗanda ke cikin inuwa, kuma sau da yawa a bayan ganye, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa. Wanda ya tsaya a bakin fangali yana kallo daga sama ba zai gan ta ba sai ta yi nisa. Da fari za ku ga ƴan fararen tabo masu zagaye, kamar ɗigon garin rogo. Wani lokaci a saman ganyen, daidai da tabon, akwai ɗan wuri da ya koɗe ya yi rawaya. Daga baya tabon suna haɗuwa su rufe ganye ciki da baya, su hau karan ganye da yaɗo. Ganyen ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe yana ƙaras-ƙaras. A kankana farin garin bai cika fitowa sosai ba. Sau da yawa rawayar tabo ce ake fara gani, sai an juya ganye an duba da kyau.

Akwai abubuwan da ke kama da ita, kuma maganinsu ya bambanta:

Ƙurar hunturu. Tana kwanciya a saman ganye bai ɗaya, launinta ja-ja ne, ruwa yana wanke ta. Cutar toka tabo-tabo take, fara ce, tana bayan ganye, kuma in an goge ta da yatsa tana dawowa cikin ƴan kwanaki.

Zanen halitta. Wasu irin kabewa suna da fari-farin zane kamar azurfa a mahaɗar jijiyoyin ganye. Ba ya goguwa, ba ya yaɗuwa, kuma ba ciwo ba ne.

Cutar laima, wadda malaman gona ke kira mildiyu. Tabonta rawaya ne masu kusurwa, jijiyoyin ganye sun yi musu iyaka, a bayan ganye kuma akwai toka-toka mai duhu. Ita sai da jiƙar ganye, don haka ta fi yawa da damana ko inda raɓa ke sauka sosai.

Jan gizo-gizo. Ƙananan ƙwari ne da ke bayan ganye, suna barin ɗige-ɗige masu yawa da siririyar yana. Sun fi ƙarfi da bazara.

Yaushin gindi. In yaɗo ɗaya ko tsiro duka ya yi laƙwas alhali ƙasa da danshi, kuka tsaga gindin kuka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, wannan cutar ƙasa ce. Feshin ganye ba ya yi mata komai. Sai a tuge tsiron, a kuma daina shuka dangin kabewa a wurin na wasu shekaru.

5. Ɓarnar da take yi

Ganye shi ne madafar tsiro. A cikinsa ake haɗa hasken rana da ruwa da iska a samar da sukari, daga nan a tura shi cikin ɗa. Makonnin ƙarshe kafin girbi su ne lokacin da kankana da malo ke tara zaƙi, kabewa kuma ke cika tsoka, launinta ya yi ja, ɓawonta ya yi tauri. In cutar toka ta kashe ganyaye a wannan lokaci, abubuwa huɗu ne ke faruwa. Ƴaƴan suna raguwa, waɗanda suka tsaya kuma suna zama ƙanana. Kankana da malo suna nuna ba zaƙi, mai saye ya ɗanɗana ya karya kuɗin. Rana tana ƙona ƴaƴan da suka rasa inuwar ganye, wurin ƙunar ya yi fari ya ruɓe. Sannan kabewa tana fita da tsoka fara-fara da ɓawo mai laushi, wadda ba ta jure ajiya.

Ku dubi wannan na ƙarshe da kyau. Gwargwadon jan tsokar kabewa, gwargwadon sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Kabewar da aka tsinka dole saboda yaɗo ya mutu ta yi hasara biyu: ba ta da cikakken amfani a yau, kuma ba za ta kai bazara ba. Gidan da ya yi lissafin miyar taushe har watan Mayu sai ya ga kabewarsa ta ruɓe tun Maris. Kuɗin kankana da uwa ta sa rai za ta sayi ƙwai, mai da ƙuli-ƙuli da su, su ma sun ragu.

Cutar ba ta kama mutum ko dabba. Ɗan da ya fito daga tsiro mai ciwo ana cin sa, in an wanke. Ganyen miya kuwa, ku zaɓi sabo mai tsabta, ku bar wanda ya yi fari.

6. Rigakafi tun kafin shuka

Tun ran gini ran zane. Rabin yaƙin ana yin sa ne kafin iri ya shiga ƙasa.

Ku share masaukinta. Da zarar an gama girbi, ku tuge tsohon yaɗo, ku binne shi ko ku tura shi ramin taki ku rufe da ƙasa. Tunda cutar ba ta rayuwa a kan mataccen tsiro, wannan ya isa. Ku duba darni da bakin rijiya, ku cire duma, soso da garahunin da suka yi fari. Kuɓewa ma tana kamuwa da cutar toka, don haka tsohuwar kuɓewar damana kada ta kwana kusa da sabuwar shuka.

Ku lura da inda iska ke fitowa. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. In za ku yi shuka kashi-kashi, ku sa sabon fangali a gefen da iska ke fitowa, tsohon kuma a gefen da take tafiya, domin kada ta kwaso ƙwayoyin tsohon ta zuba wa sabon.

Ku ba da tazara, ku nemi rana. Cunkoso da inuwa su ne abokan cutar. Ku bar tsiro ɗaya ko biyu a rami, ku bi tazarar da aka rubuta a fakitin iri ko wadda malamin gona ya faɗa, ku cire ciyawa. Kokwamba in an ɗora ta a kan sanduna iska tana ratsa ta.

Ku yi hattara da takin ure. In ya yi yawa, ganye yana yin yabanya mai laushi, irin wanda cutar ta fi so. Ruɓaɓɓen takin gida yana ciyar da tsiro sannu a hankali, ba ya kawo wannan matsala.

Ku nemi iri mai juriya. A fakitin irin kamfani, haruffan Px ko Gc suna nufin cutar toka, IR yana nufin matsakaiciyar juriya, HR kuma juriya mai ƙarfi. Kokwamba mai suna Poinsett tana cikin waɗanda aka sani da juriya. Sai dai juriya ba ta zama dalilin daina dubawa. A 1936 an fito da wani irin malo mai suna PMR 45 a jihar Kalifoniya ta Amurka wanda cutar ba ta kamawa. A 1938 wani sabon launin cutar ya bayyana ya kama shi. Masu ajiye irin gida kuma, ku ɗebi iri daga tsiron da ganyensa ya fi daɗewa kore, daga ɗan da ya ƙosa sarai.

Ku yi aiki tare. A garkar ƙungiya, fangali ɗaya da aka yi sakaci da shi yana raba cutar ga kowa. Ku tsai da ranar share tsohon yaɗo da ranar dubawa, kowa ya fito.

7. Duban ganye 50

Wannan shi ne zuciyar darasin. Duk magungunan da za mu ambata suna tsare ganye mai lafiya ne. Babu wanda ke mayar da busasshen ganye ɗanye. Saboda haka ranar da kuka fara magani ta fi irin maganin muhimmanci.

Masana a jami'ar Cornell ta Amurka sun tsara wata hanya mai sauƙi. Daga lokacin da tsiro ya fara ɗaura ƴaƴa, sau ɗaya a mako, ku zaɓi wuri 10 a warwatse cikin garka. A kowane wuri ku sunkuya ku duba tsofaffin ganyaye 5, sama da ƙasa. Ganye 50 ke nan. In kun samu tabo ko a ganye ɗaya ne cikin 50, lokacin magani ya yi. A watannin Disamba, Janairu da Fabrairu, duba biyu a mako ya fi. Mai ƴan gindi biyar ko shida a bayan ɗaki, ta juya duk tsofaffin ganyayen, aikin bai fi na ɗan lokaci ba. Ku ɗaura duban da wata rana da ba a mantawa, kamar ranar kasuwa ko ranar zubin adashi.

8. Abin da za ku yi in kun gan ta

Mataki na farko, ku tsinke ƴan ganyayen da suka fara kamuwa, ku sa su cikin buhu nan take ba tare da kaɗa su ba, ku fitar ku binne. Kada ku yi wa tsiro tsirara, domin ƴaƴan suna bukatar inuwa. Mataki na biyu, feshi. Ga waɗanda aka gwada:

Bikarbonat. Shi ne farin garin da ake sayarwa a kanti da farmasi. Ku zuba giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa, da ɗan farin sabulu kaɗan domin ya kama ganye. Famfon feshi mai lita 15 yana cin giram 75. A fesa sau ɗaya a mako. Kada ku ƙara yawan garin, kada ku sa omo a madadin sabulu, kuma kada ku musanya shi da kanwa, domin ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana iya ƙona ganye.

Madara. A 1999 wani masani mai suna Wagner Bettiol, na cibiyar binciken noma ta Embrapa a ƙasar Barazil, ya nuna cewa ɗanyar madarar shanu da aka surka da ruwa, ana fesawa sau biyu a mako, tana danne cutar toka a wani irin kabewa. Awon da aka saba shi ne kashi 1 na madara cikin kashi 9 na ruwa, a fesa da safe domin hasken rana yana taimaka masa. Amma ku yi lissafi: famfo mai lita 15 zai ci lita ɗaya da rabi. A gidan da madara ba ta wadata ba, cikin yaro ya fi ganye cancantarta. Ku bar wannan hanya ga mai ƴan gindi kaɗan, ko ga masu yin cuku, domin ruwan da ke tsiyaya daga cuku shi ma an gwada shi an ga yana aiki.

Man bedi, wato man ƴaƴan dogon yaro. Yana rage cutar in tana farawa, yana kuma rage wasu ƙwari. A surka shi da ruwan sabulu, a fesa da marece.

Farar wuta ta feshi, wadda masu sayar da kayan noma ke kira sufur. Ita ce ta fi ƙarfi cikin masu sauƙin kuɗi, tana kuma taɓa jan gizo-gizo. Ku bi awon da ke jikin fakiti. Tana ƙona ganye in zafi ya wuce digiri 32, don haka da marece ake fesa ta, kuma a bar ta in bazara ta shigo. Wasu irin malo ba su jure ta. Kada a haɗa ta da mai, kuma a bar mako 2 tsakaninta da feshin man bedi.

Ko wane kuka zaɓa, ku fara gwadawa a gindi biyu ko uku, ku jira kwana 2 ku ga ko ganye ya ƙone. Ku juya bakin famfo sama domin maganin ya jiƙa bayan ganye da cikin duhuwa; feshin da ya tsaya a sama kaɗai ya bar cutar a gidanta. Ku maimaita, domin sabon ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya. Furen yawancin dangin kabewa da safe yake buɗewa, ƙudan zuma kuma su ke kai garin namijin fure ga macen. In babu su babu ɗa. Shi ya sa, ban da madara, marece ne lokacin feshi.

Masu babbar gonar kankana ko malo da ke bukatar maganin kamfani mai shiga jikin tsiro, ku nemi shawarar ma'aikatan kare tsirrai na gundumarku ko na zauren manoma na jiha, waɗanda ke ƙarƙashin RECA. Ku sayi wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wato CSP, ya amince da shi. Kada ku nace wa magani ɗaya, domin tun ƙarshen shekarun 1960 aka san wannan cuta da saurin sabawa da magani har ya daina yi mata aiki.

9. Abin da ba a yi

Kada ku fesa maganin ƙwari a kan cutar toka. Fumfuna ba ƙwaro ba ce. Piya-piya da ire-irensa ba su taɓa ta ko kaɗan. Kuɗi ne suka tafi, ƙudan zuma suka mutu, guba kuma ta hau abin da yara za su ci ɗanye.

Kada mai ciki, mai shayarwa ko yaro su yi feshin maganin kamfani, kada kuma a shiga fangali da goyo a ranar. Mai feshi ya rufe hanci, baki da hannuwa, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama.

Kada ku tsinki ɗa kafin kwanakin jira da aka rubuta a jikin magani su cika. Kada ku ajiye magani a ɗakin girki ko cikin gorar lemo, kuma kada gorar magani ta koma ta ruwan sha ko ta mai.

Kada ku ɓata kuɗi a fangalin da ya riga ya bushe. Ku kwashe ƴaƴan da suka ƙosa, ku tuge saura, ku mai da hankali ga na kusa da shi da bai kamu ba.

10. Daga garka zuwa kwanon yaro

Kabewa ta ƙosa in farce bai huda ɓawonta, mariƙinta kuma, wato guntun karan da ya haɗa ta da yaɗo, ya bushe ya yi tauri. Ku yanke ta da wuƙa ku bar mata mariƙin kamar tsawon yatsa, kada ku ɗauke ta da shi. Ku shanya ta kamar kwana 10 a wuri mai iska da ba rana mai ƙuna, sannan ku jera ta a kan katako ko gadon kara, ba a ƙasa ba, kada ɗaya ta taɓa ɗaya. Wadda ta fito daga yaɗo mai ciwo, ko mai ƙunar rana ko rauni, ita za a fara ci. In ta yi yawa, a yanka ta sala-sala a shanya a inuwa mai iska, domin rana kai tsaye tana rage bitamin ɗinta.

Daga wata 6, tare da ci gaba da ba da nono, a dafa kabewa ta yi laushi, a murje ta cikin kunun hatsi ko faten wake. A sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko tunkuza, domin jiki ba ya ɗaukar bitamin A sosai sai da maiƙo. Ƴaƴan kabewa a soya, a ɓare, a daka su lukui kafin a zuba wa ƙaramin yaro, saboda gudun shaƙewa. Masu ciki da masu shayarwa su ma su samu rabonsu.

Kabewa abinci ce, ba ta maye gurbin likita. Ku ci gaba da auna damtsen yara masu wata 6 zuwa 59 da igiyar awo. In ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, a kai yaro gidan likita a ranar. In ta nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, a kai shi a duba shi cikin makon. Yaro ko mai cikin da ke laluben hanya da magariba, su ma a kai su.

Tambayoyin zaman ƙungiya

1. A wane ɓangaren tsiro cutar toka take farawa, kuma me ya sa ba a ganinta daga tsaye?
2. Ta yaya za ku bambanta ta da ƙurar hunturu da cutar laima?
3. Ganye nawa ake dubawa, kuma tabo a ganye nawa ne ke sa a fara magani?
4. Waɗanne tsirrai ne a darninku ko bayan gidajenku za su iya zama masaukinta a yanzu?
5. Wace rana ce ta mako ƙungiyarku ta tsayar domin dubawa, kuma wa zai riƙa tunatarwa?

Mai jagorantar zama ya kai mahalarta cikin garka, kowa ya juya ganye 5 da hannunsa, a kawo duk wanda ake shakka a duba tare. In an rasa gane shi, a ɗauki hotonsa ciki da baya da salula a nuna wa malamin gona tun makon bai ƙare ba. Allah ya ba mu albarkar noma, ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.